Daga Windows 10 Zuwa 11: Yadda Babbar Manhaja Ke Sauya Zubi, Da Yadda Za Ka Bi Ta Lafiya

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da komai yadda ya bar shi, Word na buɗewa, firinta na bugawa, shi ya sa mutane da yawa ba su ɗauki lamarin da nauyi ba. Amma duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a cikin manhajar bayan wannan rana, a buɗe za ta zauna ga wanda bai yi wani tanadi ba. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin laftof ɗin tokumbo da muke saye a kasuwanninmu da yawansu da Windows 10 suka iso.

Babbar manhaja ita ce ke tsakaninka da ƙarfen kwamfuta. Ita ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa, ita ke magana da firinta da filashi, ita ke tsare ƙofa. Kowane zubi nata yana da ranar fitowa da ranar da za a daina kula da shi, yana da abin da ya gada, da abin da ya ƙara, da abin da ya watsar. In ka iya karanta waɗannan, ba mai sayar maka da kwamfutar da kwananta ya ƙare, kuma ba za ka rasa aikinka garin sabuntawa ba.

Mataki na farko: san tushen abin da ke hannunka

Windows kamar gidan gado yake. Kowane zamani ana ƙara ɗaki, a sake fenti, a ɗaga katanga, amma in ka leƙa ciki da kyau za ka ga tubalin kakanni. Gwada wannan yanzu: buɗe sabuwar folda ka sa mata suna CON. Ba za ta karɓa ba, saboda tun zamanin MS-DOS, tsohuwar babbar manhajar Microsoft da ake ba umarni da rubutu, aka keɓe sunan ga allon rubutu da fuskar kwamfuta. Haka nan babbar ma'adanarka sunanta C, domin A da B na faifan fulofi ne da aka daina amfani da shi tuntuni.

Windows na farko ya fito a 1985, kuma a kan MS-DOS ya hau, bai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Wannan layi ne ya haifi Windows 3.1 a 1992, sannan Windows 95 da ya kawo maɓallin Start da damar sa wa fayil dogon suna, sai Windows 98 da Windows Me. A gefe guda kuma kamfanin ya ɗauko injiniya Dave Cutler ya gina wata manhaja daban tun daga tushe, wato Windows NT, wadda ta fito a 1993 domin ofisoshi da manyan kwamfutoci. Ita ta fi ƙarko, domin manhaja ɗaya in ta rikice ba ta cika jan sauran su faɗi tare ba. A 2001 aka haɗe layukan biyu a Windows XP, aka ɗora kowa a kan tushen NT. Duk wani Windows da ka taɓa amfani da shi daga XP zuwa yau, jikan NT ne.

Lambobin ciki sun fi sunan kasuwa faɗin gaskiya. XP lambarsa 5.1. Vista na 2007 shi ne 6.0, Windows 7 na 2009 kuma 6.1, Windows 8 na 2012 shi ne 6.2. Ka lura da abin da wannan ke nunawa: Vista da mutane suka tsana da Windows 7 da suka ƙaunata kusan gini ɗaya ne. Vista ne ya yi aikin wahala. Shi ya sauya yadda direbobin hoto ke aiki (direba ƙaramar manhaja ce da ke haɗa Windows da wata na'ura), shi ya kawo akwatin nan da ke tambayarka izini kafin wata manhaja ta taɓa cikin tsarin. A lokacin kwamfutoci ba su da ƙarfin ɗaukarsa, masu ƙera na'urori kuma ba su gama rubuta sababbin direbobi ba. Kafin Windows 7 ya fito duk an shirya, sai ya kwashe yabon. A ganina wannan ne darasi mafi amfani a tarihin gaba ɗaya: zubin da ya taɓa tushe shi ke zuwa da ciwon kai, wanda ya biyo bayansa shi ke zuwa da daɗi. Windows 8 ya cire maɓallin Start saboda kwamfutocin shafawa, jama'a suka yi ca, 8.1 ya dawo da shi a 2013. Windows 10 ya zo ranar 29 ga Yuli, 2015, Windows 11 kuma ranar 5 ga Oktoba, 2021, kuma har yau lambarsa ta ciki 10.0 ce.

Mataki na biyu: duba zubinka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramin akwati zai fito da abubuwa uku: sunan manhajar, zubinta, da lambar gini.

Tun daga Windows 10 aka daina jiran shekaru kafin sabon abu, ana sauya manhajar a hankali ƙarƙashin suna ɗaya. Da farko lambar zubi shekara ce da wata, kamar 1809, wato watan 9 na 2018. Daga baya aka koma shekara da rabinta: 22H2 na nufin rabi na biyu na 2022. A Windows 10, 22H2 shi ne zubin ƙarshe, lambar gininsa 19045. A Windows 11 an yi 21H2, 22H2, 23H2, 24H2 da 25H2, zubi ɗaya kowace shekara, kuma nau'in Home da Pro wata 24 ake kula da kowane. Don haka cewa "ai Windows 11 gare ni" bai wadatar ba. Mai 21H2, 22H2 ko 23H2 shi ma an daina tura masa gyara, sahunsa ɗaya da mai Windows 10.

Sabuntawa iri biyu ce, kada ka haɗa su. Akwai gyaran wata-wata da ke fitowa ranar Talata ta biyu a kowane wata, wanda ke toshe kafofin tsaro ba tare da ya sauya maka fuskar komai ba. Akwai kuma na shekara, mai sauya zubin kansa. Na farkon kada ka yi wasa da shi. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, alhali gyaran da zai hana ta ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sa shi ba su ta kama. Na shekara kuwa babu laifi ka ɗan jinkirta makonni, wasu su fara gwadawa.

Mataki na uku: ƙarfen zai ɗauka?

Nan ne Windows 11 ya bambanta da magabatansa. Kwamfutar da ta ɗauki Windows 7 galibi ta ɗauki Windows 10 ba gardama. Windows 11 kuwa ya gindaya sharuɗa: furosesa (sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi) mai bit 64, RAM aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, sabon tsarin tayar da kwamfuta na UEFI mai iya Secure Boot (kariyar da ke hana baƙuwar manhaja shiga lokacin tashi), da kuma TPM 2.0, wani ɗan sashe da ke ɓoye mabuɗan sirri nesa da inda cuta za ta kai hannu. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocinmu shi ne shekarun furosesa. A Intel galibi sai daga ƙarni na 8 zuwa sama, a AMD kuma daga Ryzen 2000.

Koyi karanta lambar da kanka. Danna Windows da R, rubuta msinfo32, ka nemi layin Processor. In ka ga i5-6300U, lambar farko bayan karan ita ce ƙarni, wato na 6, bai shiga ba. i5-7200U na 7 ne, shi ma bai shiga ba. i5-8250U na 8 ne, ya tsallake. In ka ga i5-1135G7, lambobi biyu na farko za ka ɗauka, ƙarni na 11 ke nan. Kalmar i7 kada ta ruɗe ka: i7 na ƙarni na 6 ya faɗi, i3 na ƙarni na 8 ya haye. Sunan samfuri ma ba hujja ba ne, domin ThinkPad T480, misali, an fitar da shi da furosesa na ƙarni na 7 da na 8. In kana shago, ka karɓi kwamfutar ka duba da idonka kafin a fara ciniki. Ganin Windows 11 a fuskarta bai tabbatar da komai ba, za ka ji dalili a gaba.

A wannan shafi na msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. In ya ce UEFI, madalla. Sai ka sake danna Windows da R ka rubuta tpm.msc, ka ga ko an rubuta 2.0. In ya ce bai ga TPM ba, kada ka yanke ƙauna, sau da yawa a kashe yake kawai. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin ƙarfen da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, galibi da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka duba sashen tsaro. A Intel ana kiransa PTT, a AMD kuma fTPM. Kunna shi, ka adana, ka fita.

In kuwa BIOS Mode ya ce Legacy, tsaya tukuna. Kada ka je ka juya shi zuwa UEFI kai tsaye, kwamfutar za ta ƙi tashi, domin an tsara ma'adanar da tsohon salo na MBR. Sai an fara mayar da ita GPT da wani umarni da ke cikin Windows mai suna mbr2gpt. In ba ka saba ba, kai wa mai gyaran da ka yarda da shi, bayan ka kwafe kayanka. Wanda ke son amsa a taƙaice ya saukar da PC Health Check daga shafin Microsoft, zai gaya masa sharaɗin da ya cika da wanda ya gaza.

Mataki na huɗu: lissafa abin da zai iya tsayawa

Sabon zubi ba ƙari kaɗai yake yi ba, yana zubarwa. Windows 11 ba shi da nau'in bit 32, kuma tsofaffin manhajoji masu bit 16 na zamanin DOS ba sa tashi a kansa. An yi wa burauzar Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022, duk da cewa Edge, burauzar da ta gaje ta, na da wani yanayi na buɗe tsofaffin shafukan da suka dogara da shi. An cire WordPad daga zubin 24H2.

Ɗauki takarda ka rubuta abin da abincinka ya dogara a kai. Mai shagon buga takardu ya fara da firinta da sikana: shiga shafin kamfanin da ya ƙera su ka ga ko akwai direban Windows 11, ko aƙalla na Windows 10 mai bit 64, wanda yawanci yana aiki. Mai na'urar ɗaukar hoton yatsa ko manhajar lissafin kuɗi ya tambayi wanda ya ba shi ita kafin ya taɓa komai. Tsohuwar manhaja in ta ƙi buɗewa, danna ta da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, sai Compatibility, ka ce ta yi aiki kamar tana kan Windows 7. Ba kullum yake ci ba, amma yana ceto da yawa.

Masu rubutun Hausa akwai abin da ya keɓanta da mu. A da, kafin haruffa masu lanƙwasa su samu sauƙin bugawa, marubuta da maɗaba'u da dama sun yi amfani da wasu font na musamman da suka ɗora ƙ, ɗ da ɓ a gurbin wasu haruffa ko alamomi. Fayil irin wannan in ka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da font ɗin, sai ka ga alamomi barkatai a tsakiyar kalmomi. Kafin ka yi ƙaura, shiga foldar Fonts da ke cikin foldar Windows ka kwafe su. Abin da ya fi ma shi ne ka sauya rubutun zuwa haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke ganewa, a hankali ta hanyar nemowa da musanyawa, domin su ba ruwansu da wane font ka zaɓa muddin yana ɗauke da su. Windows na yanzu yana da allon rubutun Hausa, ana ƙara shi a sashen harshe na Settings.

Mataki na biyar: kwafe kayanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafi Documents, Desktop, Pictures da Downloads zuwa wata ma'adana ta waje, sannan ka buɗe wasu fayilolin daga can ka tabbatar sun kwafu da gaske. Wannan ba yawan tsoro ba ne: a watan Oktoban 2018 sai da Microsoft ya janye zubin 1809 na ɗan lokaci saboda ya goge wa wasu mutane fayiloli. Ka kuma tabbatar ka san kalmomin sirrin imel ɗinka da sauran asusunka, kada ka dogara da cewa burauza ta riƙe maka.

Duba kuma ko Windows ɗinka na da lasisi na gaskiya, a Settings, sashen Activation. In Windows 10 ɗinka halastacce ne, lasisin zai bi ka zuwa 11 kyauta.

Mataki na shida: hawan kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce Settings, sai Windows Update. In kwamfutar ta cancanta za ka ga tayin saukar da Windows 11, kuma fayilolinka da manhajojinka za su zauna. Matsalarmu biyu ce, data da wuta. Abin saukarwar gigabait ne masu yawa, don haka nemi Wi-Fi mai ƙarfi ko ka tanadi data ta musamman. Wuta kuma ita ce babbar barazana: in ta ɗauke ana tsakiyar aiki kuma batirin ya mutu, kwamfutar na iya kasa tashi. Cika batirin, ka bar caja a jiki, ka zaɓi lokacin da janareto ko sola ke aiki. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS kada ya fara da wutar NEPA kaɗai. Za ta sake kunna kanta sau da yawa, kuma lambar kashi cikin ɗari na iya tsayawa wuri ɗaya tsawon lokaci. Kada ka danna maɓallin kashewa.

Mai kwamfutoci da yawa, kamar makaranta ko cibiyar jarrabawa, kada ya saukar wa kowace daban. Ya yi amfani da Media Creation Tool daga shafin Microsoft ya haɗa filashi mai gigabait 8 ko fiye, sau ɗaya. In ka buɗe setup daga cikin filashin alhali Windows na kunne, zai ba ka zaɓin riƙe fayiloli da manhajoji. In kuwa ka tayar da kwamfutar daga filashin, girkawa ce daga farko, kuma komai na iya tafiya. Ka sani cewa sabuwar girkawa tana neman intanet da asusun Microsoft.

Mataki na bakwai: kwana goma na farko

Bayan hawa, Windows na ajiye tsohon zubin a wata folda mai suna Windows.old, kuma kana da kwana 10 na komawa baya ta Settings, System, Recovery, sai Go back. Kada ka goge foldar don neman fili, kada kuma ka bar manhajojin share-share su taɓa ta. A cikin kwanakin nan ka gwada duk abin da ka rubuta a takardarka: buga shafi, haɗa filashi, gwada kyamara da sauti.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya yi a ranar farko. Sababbin zubi kan kulle ma'adana da BitLocker, musamman in an girka daga farko aka shiga da asusun Microsoft. Kariya ce mai kyau in aka sace laftof, amma ranar da aka canza wani sashe na ƙarfen ko aka taɓa BIOS, kwamfutar na iya neman mabuɗi mai lambobi 48 kafin ta buɗe. In mai shago ne ya girka maka da asusunsa, mabuɗin na wurinsa, ba wurinka ba. Shiga asusunka na Microsoft ka nemo mabuɗin, ka rubuta shi a takarda ka adana inda kake ajiye muhimman takardu.

Don tattalin data, shiga bayanan Wi-Fi ɗin da kake amfani da shi ka kunna Metered connection, sai Windows ya rage saukar da abubuwa a ɓoye. Amma ka riƙa leƙa Windows Update da kanka bayan Talata ta biyu a kowane wata, kada tattali ya hana ka gyaran tsaro.

In kwamfutar ba ta cancanta ba

Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 zubin 22H2 wani shiri na ƙarin gyaran tsaro mai suna ESU, wanda aka sanar zai kai ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Yadda aka sanar a 2025, ana shiga ta Windows Update da asusun Microsoft, ko dai da biyan dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda a adana saitunansa a asusun. Jinkiri ne kawai don mutum ya shirya.

Akwai masu tsallake sharuɗan da manhajoji irin su Rufus, su ɗora Windows 11 a kan furosesa na ƙarni na 6 ko 7, kuma abin da ya sa na ce ganinsa a shago ba hujja ba ne ke nan. Yana tashi, yana aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi wa irin wannan kwamfuta alkawarin sabuntawa ba, kuma sau da yawa zubin shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake ɗora shi da hannu. Wanda ya san abin da yake yi zai iya ɗaukar wannan nauyi a kan tasa. Ban yarda a yi wa kwamfutar ofis ko wadda ake harkar kuɗi da ita ba, kuma bai dace a sayar wa mutum da ita ba tare da an gaya masa ba.

Ga wanda aikinsa bai wuce burauza, rubutu da kallon bidiyo ba, Linux Mint ko Ubuntu, wato nau'o'in wata babbar manhaja daban mai suna Linux, mafita ce ta gaske. Kyauta ne, suna tafiya da kyau a tsofaffin laftof, kuma Ubuntu na fitar da zubi mai dogon kulawa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, a kula da shi shekara biyar. Ana iya gwada su daga filashi ba tare da an goge komai ba, ka ga ko Wi-Fi da firintarka na aiki. Sai dai CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux, don haka mai zane-zane ya yi lissafinsa tun da wuri. Kwamfutar da dole sai ta zauna a tsohon Windows saboda wata na'ura da ba ta da sabon direba, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, a keɓe mata filashi ɗaya da ake bincikawa a wata kwamfutar kafin a soka mata.